Raɗa wa Na'ura Suna a Ƙwayar Babbar Manhaja da Haƙƙin Tsohon Aiki: Nazari Daga Zangon Wagadugu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ƙwayar babbar manhajar kwamfuta take raɗa wa na'urori suna, irin su sda da eth0 da COM3 da C:, da abin da ke samun tsofaffin manhajoji da masu cin abinci da su idan sunan ya sauya. An bi tarihin lamarin a Unix da DOS da Windows da Linux, aka auna shi da halin da masu gyaran waya da masu kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi suke ciki a Wagadugu, inda galibin kayan aiki na hannu ne, wuta kuma tana yawan ɗaukewa. Matsayar takardar ita ce sunan da aka riga aka saki ga jama'a ya zama alkawari, kuma maganin da aka fi yarda da shi a yau, wato ɗaure suna da lambar shaidar na'ura, yana da rauni a kasuwarmu, domin kayan da ke iso mana da yawa ba su da shaidar da za a dogara da ita.

Gabatarwa



Duk kwamfutar da aka kunna, kafin ta nuna wa mai ita komai, akwai aikin da take gamawa a ɓoye. Ƙwayar babbar manhaja, wadda ma'aikata ke kira kanel, tana bin sassan injin ɗaya bayan ɗaya, ta gano faifan ajiya da katin sadarwa da allon rubutu da duk abin da aka soka a kafar USB, ta haɗa kowanne da direbansa, sannan ta ba shi suna. Da wannan suna sauran manhajoji suke nemansa. Rubutaccen umarnin da wani ma'aikaci ya bari tun shekara goma domin kwafe bayanan ofis kowane dare bai san ƙarfe ba, bai san waya ba. An ce masa ya zuba a sdb1, kuma zai zuba a duk abin da ya amsa wannan suna a daren, ko da kuwa ba shi aka nufa ba.

Tambayar da takardar take bi ita ce: idan masu rubuta ƙwaya suka ga tsohon tsarin suna ya gaza, wa zai ɗauki nauyin sauyin? A kamfanin da ke da ma'aikatan kwamfuta ɗari, sauyin suna aikin mako ɗaya ne. A shagon da mutum ɗaya ke gyaran waya, yana buga takardu, yana sayar da kiredi, sauyin yana iya tsayar da cinikin yini, mai shagon bai ma san abin da ya same shi ba.

Birnin da ya sake lambobinsa

Mutanen Wagadugu ba baƙi ba ne ga wannan matsala, ko da ba su taɓa kwamfuta ba. A 1984, zamanin Thomas Sankara, aka yanka birnin zuwa sektoci 30, lamba ta maye gurbin tsofaffin sunayen unguwanni a takardun hukuma. Da aka zo bai wa tituna lamba, sai aka ɗora a kan lambar sekta: titin da ke Pissy ya fara da 17, na Dassasgho ya fara da 28. Daga baya dokar 2009 ta sake yanka birnin zuwa gundumomi 12 da sektoci 55, aka fara aiki da ita a 2012. Lambobin tituna kuwa suna nan a kan takardun fili da adireshin shaguna, suna nuni da sektocin da a hukumance babu su. Har yau mai babur zai tambaye ka ko tsohuwar sekta kake nufi ko sabuwa, kuma idan kana so ka isa da wuri, sunan unguwa za ka faɗa masa.

Hausawan birnin sun ga abin da ya fi haka. Zangwetin, tsohon zangon fatake da ke tsakanin kasuwar Rood Woko da filin jirgi, kusa da titin Kwame Nkrumah, an rushe shi a 2003 saboda shirin sake gina tsakiyar birni da ake kira ZACA, tare da maƙwabtansa irin su Tiedpalogo. Aka kai mutane filayen da aka tanada a Nioko 1 da gefen Waga 2000. Gidajen sun tafi, amma dattijo yana ce maka shi ɗan Zangwetin ne, kuma duk wanda ya san birnin ya gane. A unguwar Zongo ta yammacin gari kuwa, inda ba a yanka filaye ba, babu lambar titi da za a sauya tun farko. Da masallaci da famfo da gidan wane ake kwatance.

Hanyoyin kiran wuri da suka bayyana a nan su ne dai ƙwayar manhaja take jujjuyawa a tsakaninsu shekara hamsin. Ana iya kiran na'ura da layin da ta shigo, wadda ta fara amsawa ta zama ta farko. Ana iya kiranta da mazauninta, wato kafar da aka soka ta. Ana iya kiranta da shaidar da ke jikinta, kamar lambar siriyal, wadda take bin ta duk inda ta je. Kowace hanya tana da ranar da take cin amanar mai ita.

Asalin lamarin a Unix

A ɗakunan bincike na Bell, a farkon shekarun 1970, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yanke shawarar cewa na'ura za ta bayyana kamar fayil a cikin jakar /dev. Manhaja ta buɗe ta, ta karanta, ta rubuta, ta rufe, kamar kowane fayil. A ƙarƙashin sunan akwai lambobi biyu: babba tana nuna direba, ƙarama tana nuna wace ce a cikin na'urorin wannan direba. Ƙwaya lambobin take dubawa, sunan na mutane ne da manhajojinsu. A nan aka samo tty, daga injin Teletype mai buga rubutu a takarda. Injin ya daɗe da shiga gidan tarihi, amma modem ɗin da ka sayo jiya, idan ka soka shi a Linux, ttyUSB0 zai fito.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ta gaji wannan tsari. Babbar lamba 3 ta kebul ɗin IDE na farko ce, 8 ta faifan SCSI, 188 ta ttyUSB. Kafin ƙwaya ta 2.6 ta Disamban 2003, kowace daga cikin lambobin biyu ba ta wuce 255 ba, don haka rabon su ya zama kamar rabon gado, da rajista da mai kula da ita.

Gadon DOS a teburin mai gyaran waya

Windows ta ɗauki hanyar da ta fi kowace tsananin riƙon tsoho. Haruffan A: da B: sun fito ne daga CP/M ta Gary Kildall a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da inji ke da ramin faifan filofi ɗaya ko biyu. Da faifai mai ƙarfi ya zo da IBM XT da DOS 2.0 a 1983, sai ya karɓi C:, kuma bai sauka ba har yau, alhali yaran da ke koyon aiki yanzu ba su taɓa riƙe filofi ba. DOS ta farko, ta Agustan 1981, ba ta da jakunkuna, saboda haka sunayen na'urori irin su CON da PRN da AUX da NUL suna zaune tare da sunayen fayiloli a wuri guda. Da jakunkuna suka zo, aka bar waɗannan sunaye suna aiki a cikin kowace jaka domin kada tsofaffin manhajoji su karye. Shi ya sa mai amfani da Windows 7 ko 10 ba zai iya buɗe jaka ya sa mata suna CON ba. Wannan gado ya taɓa zama kafar ɓarna: a Windows 95 da 98, neman hanyar C:\con\con kawai yana durƙusar da inji, har Microsoft ta fitar da gyara a watan Maris na 2000.

Abin lura shi ne ƙwayar Windows NT, wadda ta fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, ba ta san C: a matsayin suna na asali ba. A cikinta faifan yana da suna irin \Device\HarddiskVolume1, shi kuwa C: laƙabi ne da ke nuni zuwa can. An gina sabon gida, aka bar tsohuwar ƙofa a inda mutane suka saba shiga. A ganina wannan shawara ce ta sa manhajar lissafin kanti da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce take buɗewa har yanzu a kwamfutar hannu da aka sauke daga Faransa.

Sai dai riƙon tsoho yana da kuɗinsa, kuma a teburin mai gyaran waya ake biya, ko a kewayen Rood Woko ko a kasuwar Farm Centre ta Kano. Wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka cika aljihun mutanenmu, da yawansu injin MediaTek ko Unisoc ke cikinsu. Idan za a yi wa mai MediaTek filashin, mai gyara yakan kashe ta, ya buɗe SP Flash Tool, ya ɗora fayil ɗin da suke kira sikata, wanda ke bayyana taswirar ma'adanar wayar, ya danna, sannan ya soka kebul, wani lokaci yana danne da maɓallin ƙara murya. Na 'yan daƙiƙu kaɗan wayar take bayyana a matsayin kafar COM, sunan da aka raɗa wa ramin siriyal na kwamfutar IBM tun 1981. Idan direba bai kama ta a wannan ɗan tsakani ba, ta ɓace, sai a sake. Windows kuma tana ajiye lissafin kowace lambar COM da ta taɓa bayarwa, ba ta mayar da ita cikin tulu don an zare na'urar. Na'urar da ba ta da lambar siriyal, duk sanda aka sauya mata kafar USB, sabuwar baƙuwa ce a wurin Windows, sai ta sami sabuwar lamba. Injin da ya shekara yana karɓar wayoyin jama'a sai ka ga ya kai COM40 ko fiye.

A nan tsohon alkawari yake nuna iyakarsa. Sunayen irin na DOS da Windows ta keɓe sun tsaya ne a COM9. Daga COM10 zuwa sama dole manhaja ta rubuta sunan da wani salo na daban, \\.\COM10, kuma tsofaffin manhajojin buɗe modem da na akwatunan filashin da yawa ba a koya musu wannan ba. Ga waya a soke, ga direba lafiya lau, manhaja ta ce ba ta ga kowa ba. Ƙwararren mai gyara ya san zai shiga wurin sarrafa na'urori ya tilasta wa kafar komawa COM3 ko COM4, ko da Windows ta ce akwai mai ita. Yaron shago da ba a nuna masa ba sai ya ce kebul ne ya lalace, ko ya ce wa mai waya allonta ya ƙone. Na sha ganin an yanke wa waya hukuncin mutuwa a kan wannan.

Linux da sauye-sauyenta

Ƙa'idar Torvalds sananniya ce: sabuwar ƙwaya ba ta karya manhajar da ke aiki a kan tsohuwa. Duk da haka sunayen na'urori a Linux sun sauya fiye da sau ɗaya, domin ana ɗaukar raɗa suna a matsayin aikin manhajojin da ke wajen ƙwaya da na masu haɗa rarrabe-rarraben Linux irin su Debian da Fedora da Ubuntu.

Sunan hda na mazauni ne. Faifan da ke matsayin farko a kebul na farko shi ne hda, na biyu hdb, na farko a kebul na biyu hdc, ko da babu kowa a hdb. Muddin ba ka taɓa kebul ba, suna ba ya motsi. Shi kuwa sda na layi ne: wanda ƙwaya ta fara gani. A ƙwaya ta 2.6.19, Nuwamban 2006, aka shigo da sababbin direbobi da suka mayar da faifan IDE ƙarƙashin tsarin SCSI, sai hda ya wayi gari sda. Duk injin da ya koma sababbin direbobin alhali fayil ɗinsa na /etc/fstab yana cewa hda1 ya kasa tashi, sai an gyara da hannu. Wanda ya yanka faifansa fiye da kashi 15 shi ma ya shiga uku, domin tsohon tsari yana ɗaukar har 63, sabon kuwa 15 ne iyakarsa a lokacin. Ubuntu da wasu sun rage zafin abin da suka koma kiran kowane kashi da lambar UUID da ke rubuce a cikinsa. An kuma bar tsofaffin direbobin a ajiye har zuwa ƙwaya ta 5.14 a 2021, wato kusan shekara goma sha biyar na sassauci. FreeBSD ta yi makamancin sauyin a fitowarta ta 9.0 a 2012, daga ad zuwa ada, ta bar tsofaffin sunayen a matsayin laƙabi na wani lokaci.

Kafin sauyin hda zuwa sda, an gwada a Linux tsarin devfs na Richard Gooch, mai dogayen sunaye irin /dev/ide/host0/bus0/target0/lun0/disc. Bai karɓu ba, aka cire shi a 2006, udev ta Greg Kroah-Hartman ta gaje shi. Alherin udev shi ne ta bar gajeren suna a inda yake, ta ƙara laƙubba a gefe: /dev/disk/by-id na shaida, by-path na mazauni, by-uuid, da by-label na sunan da mutum ya zaɓa da kansa. Android ta bi wannan sawu da /dev/block/by-name, inda kashin da ke riƙe da bayanan IMEI a wayar MediaTek yake amsa nvram ko nvdata, ko wace lamba ya faɗa a kai. Mai gyaran da ya haddace lambar kashi daga wata waya ya rubuta a wata, shi ne ke mayar wa mutane waya ba ta ganin layi.

Katin sadarwa ne ya fi wahala, domin ba ya zaune a /dev, kuma a da ba ya ɗaukar laƙabi. Suna ɗaya gare shi a lokacin, haruffa 15 iyaka. A injin da ke da kati biyu, eth0 da eth1 suna iya musanya tsakanin tashi da tashi, katangar tsaro ta juya baya, ta buɗe wa waje ta rufe wa gida. An fara maganin abin da ɗaure eth0 ga lambar MAC a wani fayil na udev, sai ya zama duk wanda ya ciro faifai daga injin da ya mutu ya sa a wani, abin da muke yi kullum, zai tarar eth0 ta ɓace, eth1 ta fito, intanet ta tsaya. Dell ta kawo nata tsarin mai em1 a 2011. A Janairun 2013 manhajar systemd, a fitowarta ta 197, ta kawo sunaye irin eno1 da enp3s0 da wlp2s0, waɗanda aka ciro daga mazaunin kati, Red Hat ta ɗauka a 2014, Debian a 2017. An bar kafar komawa tsohon tsari da umarnin net.ifnames=0. To amma ƙara wani kati a inji yana iya tura lambobin layin PCI gaba, enp3s0 ta zama enp4s0, wanda ke nufin sunan da aka ce tabbatacce ne shi ma yana motsi. Sai a ƙwaya ta 5.5, a 2020, katin sadarwa ya sami ikon ɗaukar ƙarin sunaye. Da an fara da wannan a 2013, da eth0 da enp3s0 sun zauna tare, da dubban littattafan koyarwa da ɗalibanmu ke kwafa ba su zama tarko ba.

Inda shaida ba ta da tabbas

Nasihar da ke cikin kowane littafin zamani ita ce a bar sunan layi a kama na shaida. Nasiha ce mai kyau ga wanda ke sayen kaya daga kamfanin da ke buga wa kowace na'ura lambarta. Kasuwarmu ba haka take ba, kuma wannan ne gudummawar da nake ganin wannan yanki zai iya bai wa fannin.

Akwai wata ƙaramar ƙungiya da ke aika wa mambobinta saƙon tes ta kwamfuta mai Linux da manhajar Gammu. Modem biyu ne iri ɗaya, ɗaya da layin Orange, ɗaya da na Moov Africa, domin kowane mamba a aika masa ta layinsa, kuɗi ya ragu. Irin waɗannan modem idan aka soka su, da farko suna bayyana ne kamar faifan CD, sai manhajar usb_modeswitch ta juya su, sannan kowanne ya fito da kafofi kamar uku. Wanda ya riga juyawa ya kwashi ttyUSB0 zuwa ttyUSB2, na biyu ya kwashi na gaba. A watan Afrilu, da zafi ya tsananta wuta ta riƙa ɗaukewa, injin yana mutuwa yana tashi sau da yawa a yini, kuma kowane tashi sabon tsere ne tsakanin modem biyun. Ranar da na biyu ya riga, saƙonni suka bi layin da ba nasu ba, kiredi ya ƙare kafin azahar, amsoshin mutane suka tafi lambar da ba a jira su ba. Babu abin da ya lalace, babu saƙon kuskure ko ɗaya a allo.

Da aka duba /dev/serial/by-id, inda littafi ya ce a duba, sai aka tarar modem biyun suna faɗin suna ɗaya, babu lambar siriyal da ta raba su, don haka laƙabin guda ne, yana bin wanda ya samu. Abin da ya yi aiki shi ne by-path, sunan mazauni, sannan aka manna farar takarda a bayan injin, aka rubuta sunan layi a saman kowace kafa, aka gaya wa kowa kada a sauya. Wannan farar takarda ta zama ɓangare na tsarin suna, daidai da kowane layi na udev. Hanya mafi ƙarfi ita ce a tambayi modem ɗin kansa lambar IMEI da umarnin AT+CGSN, ko a tambayi katin SIM lambarsa da AT+CIMI, domin a gaskiya layin ake nufi, ƙarfen abin hawa ne kawai.

Lamarin ya wuce modem. Guntun CH340, wanda ke cikin kebul ɗin siriyal masu araha da allunan Arduino na kwaikwayo da ɗalibai ke saye, ba ya ɗauke da lambar siriyal. Akwai modem da katunan sadarwa na USB da ke fitowa daga masana'anta da lambar MAC iri ɗaya, ga shi kuwa sunan da ke farawa da enx daga wannan lamba ake gina shi. Mai siber da ya shirya inji ɗaya ya kwafe faifansa zuwa goma da Clonezilla ya kwafe har da UUID, ranar da biyu daga cikinsu suka haɗu a inji ɗaya, ƙwaya ba ta da hanyar sanin wanne ake nufi. Wani lokaci ma shaidar ce ake yaƙi a kanta: a Oktoban 2014 kamfanin FTDI ya fitar da direban Windows da ke mayar da lambar samfurin guntayen jabu zuwa sifili, kayan mutanen da suka saya ba da sanin jabu ne ba suka daina amsawa, har sai da aka janye direban. Wanda ke ƙarshen layin fatauci, kamar mu, shi ya fi kowa riƙe da irin wannan kaya.

Sunan layi kuma sai ƙara sakwarkwacewa yake. Tun ƙwaya ta 5.3 a 2019 ake binciken faifan SCSI da SATA a lokaci guda domin saurin tashi, wanda ya rage tabbacin wa zai zama sda. Injin da ke ɗakin sanyi a Turai yana iya shekara bai mutu ba, don haka bai cika gamuwa da wannan caca ba. Namu yana buga ta duk sanda wuta ta dawo.

Shirun da ake ɗauka yarda ce

Ƙa'idar kada a karya tsohon aiki tana da sharaɗi: sai wani ya kai ƙara. A al'adar masu rubuta Linux, idan aka cire abu babu wanda ya yi magana, ana ɗauka babu mai amfani da shi. Haka aka cire tallafin injin 386 a 2013, haka Ubuntu ta daina fitar da faifan girkawa na tebur mai bit 32 daga 2017. Ban ga laifinsu ba, domin ba za a ce mutum ya yi ta dakon kayan da bai san mai su ba. Amma mai gyara a Zongo da ke aiki da Hausa da Mooré da ɗan Faransanci ba zai rubuta rahoton matsala da Ingilishi ba. Zai koma Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, saboda a can direbobinsa suke kamawa ba gardama, ya ci gaba da soka wayoyin jama'a a injin da babu mai toshe masa kafar ɓarayi.

Ga masu koyarwa, abin da nake roƙo kaɗan ne. A daina koya wa ɗalibi sda da eth0 da COM3 kamar sunayen yanka. A nuna masa tun makon farko cewa na layi ne, a sa shi ya zare ya soka ya ga sun sauya da idonsa, a koya masa lsblk da blkid da udevadm, ya iya rubuta layin udev guda da zai raɗa wa na'ura sunan da ya zaɓa. Kafin ya dogara da shaida kuma, ya soka biyu iri ɗaya ya duba ko da gaske sun bambanta. Masu koyon aiki a shago, waɗanda sun fi na aji yawa, suna buƙatar wannan bayani da harshen da ubangidansu ke yi musu magana.

Ga masu bincike kuwa, akwai aikin da babu mai yi mana. Sashen kwamfuta na Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a nan Wagadugu, da Jami'ar Nazi Boni a Bobo-Dioulasso, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da Jami'ar Bayero a Kano, kowannensu yana kusa da kasuwar da waɗannan kaya suke sauka. Ɗalibi da kwamfutar cinya ɗaya zai iya zagaya shaguna da izinin masu su, ya soka kowane modem da kebul da katin sadarwa, ya adana abin da lsusb da udevadm suka faɗa: lambar kamfani, lambar samfuri, akwai siriyal ko babu, idan akwai ko ta maimaitu a wani. Idan aka tara wannan daga birane huɗu, za a san kason kayan kasuwarmu da sunan shaida ba zai yi musu aiki ba, kuma da wannan lissafi ne za a tunkari masu kula da udev da systemd a nemi a gyara yadda by-id yake yi idan na'ura biyu suka zo da suna ɗaya.